Naman gishirin 'yan Ayalan ba farfesu ba ne

Duk lokacin da watan Maris ya kama, kantunan New York sai su cika da naman ƙirjin shanu da aka jiƙa a ruwan gishiri, saboda bikin Saint Patrick, waliyyin 'yan Ayalan, na ranar 17 ga wata. Mutanenmu na unguwar Bronx da suka taɓa ɗanɗanawa hukuncinsu ɗaya ne: "Wannan ai abincin marar lafiya ne, ba yaji ba mai." Ni ban yarda ba. Da ma'aunin farfesu muke auna shi, alhali ɗan uwan kilishi ne.

Damuwar mai kilishi da ta mahaucin Cork, birnin bakin teku a Ayalan, ɗaya ce, kada nama ya lalace. Mu Allah ya ba mu rana, sai a fere nama siriri, a shanya, a tsoma a labu, a gasa. Su kuwa hadari da yayyafi suke da shi, sai suka koma ga gishiri da ganga. Bayan dokokin 1663 da 1667 sun hana kai shanun Ayalan da rai zuwa Ingila, Cork ta zama cibiyar naman gishiri da ake lodawa jiragen ruwa. Talakan ƙasar kuwa sai dai ya gani da ido. Nasa dankalin turawa ne, in an samu sarari a haɗa kabeji da naman alade. Sai da yunwar 1845 zuwa 1852 ta koro su Amurka suka tarar da ƙirjin sa mai araha a wurin mahautan Yahudawa na New York, ya maye gurbin alade a tukunya. Shi ya sa ma ɗan Dublin, babban birnin Ayalan, kan ce girkin na Amurkawa ne.

A gida ya fi kyau a yi shi, ko don batun yanka. Ka sayi ƙirji wurin mahaucin halal, ka haɗa ruwa da gishiri da ɗan sukari, masoro, kanumfari da tafarnuwa, ka danne naman da faranti ya nutse, ya yi kwana 5 zuwa 7 a firji kana juya shi. Jan launin na kanti daga wani gishiri mai sinadarin naitirayit yake zuwa. In babu shi naman zai fito ruwan toka, ɗanɗano kuwa yana nan.

Inda muke ɓata shi wurin wuta ne. Mun saba tukunya ta yi ta ɓararraka, shi kuwa ƙirji jijiya ce da kitse, gaggawa taurara shi take yi. A ɗauraye, a zuba sabon ruwa da albasa, a kwashe kumfa, a rage wuta har sai ruwan yana ɗan motsi kawai, kusan awa 3, sai cokali mai yatsu ya shige ba gardama. Dankalin turawa da karas su shiga a minti 30 na ƙarshe, kabeji minti 15, kada ya narke ya cika gida da wari. A yanka naman a gicciye, in an bi tsawon zarensa sai an yi ta tauna.

Magi da attarugu kam kada su kusanci tukunyar, gishirin da ke cikin romon ya isa. Inda na raba gari da 'yan Ayalan shi ne mustad, wato kwaɓin nikakken irin mustad mai ɗan yaji, da suke dangwala. Yajin ƙuli nake sawa a gefen faranti, kuma a bakina ya fi dacewa da kitsen ƙirji nesa ba kusa ba.