Kwana uku aka ba mu mu kwashe kayanmu, kuma an riƙe kuɗɗin kosiyon

Wallahi tun shekaranjiya zuciyata ke tafasa, ko barcin kirki ban samu ba. Shekara biyu cur muna haya gidan wani Alhaji nan unguwar Ali Dan Sofo cikin Maradi, ɗaki takwas ne ɗalibai zalla, wani ɗaki mutum biyu wani uku, tunda ba kowa ke samun gado a site, wato ɗakunan kwanan ɗalibai na jami'a, ba. Ni da abokina ɗan Tasawa jikka goma sha biyar muke biya duk wata, ban da kuɗɗin kuran da na ruwa. Ranar da muka shiga wakilin gidan ya amshi abansi na wata biyu, ya ƙara amsar kosiyon, wato kuɗɗin ajiya saboda ɓarna, jikka talatin, ya ce ranar da za ku tashi za a maido muku abinku ko dala ba za ta yi ciwon kai ba. Na ce Malam a ba mu rasi, ya ce haba ɗana ai dukkanmu musulmi ne. Na ji nauyinshi don ya haife ni, na yi shiru.

Asabar da ta wuce bayan magariba sai ga wakili ya tsaya tsakar gida yana tafa hannu, wai Alhaji ya ce shekarar karatu ta ƙare, kowa ya kwashe nashi ya nashi kafin Talata za a yi fenti. Wace shekara ce ta ƙare?? Duk wanda ya san karatun jami'a ƙasar nan ya san ba kamar firamare ba ne da ake rufe lakkwal rana guda kowa ya tahi gona, shekara kan shiga cikin shekara, wani sashe ya gama wani yana tsakiyar jarrabawa. Ni kaina ina da ratirafaji, wato sake jarrabawa, na matiyer biyu, abokina na jiran a sa mishi ranar sutnans, wato kare aikin bincikenshi gaban malamai, yaran ɗakin ƙarshe ko dabuwar ɗinsu ba su gama ba. Muka yi mishi bayani ɗaya bayan ɗaya, muka ce kuɗɗin watan Yuli mun biya, a bar mu ko zuwa ƙarshen wata ne, ya ce shi ɗan aike ne. Muka kira Alhaji ya fi sau goma bai ɗauka ba.

To ina za mu kai kaya cikin kwana uku tsakiyar damina? Ni ɗan Dakoro ne, kilomita ɗari da wani abu, bus, wato kuɗɗin tallafin ɗalibai, ba ta faɗo ba balle in ce zan ɗauki adaidaita in kai tasha in biya kuɗɗin kaina da na katifa da na buhun takardu, kuma in na tahi wa zai rubuta mini jarrabawar? Gida ma yanzu lokacin ne mafi tsanani, rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, duk abin da tsohona ke da shi ya tahi ga taki da 'yan noma. Da wane baki zan ce mishi ya aiko.

Ranar Talata ina aji aka kira ni a waya wai in zo an ɓalle kwaɗon ɗakinmu. Na hau kabu-kabu na iso na tarar da kayanmu jibge ƙofar gida kamar na wanda ya yi sata, katifa, resho, tukwane, fanka, kaya na sawa duk cikin ƙasa, ga hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin. Mutanen da suka ga abin da ruwan ƙarshen Agusta na 2024 ya yi ma garin nan, gidaje nawa suka faɗi, rayuka nawa suka salwanta, su ne za su watso ma ɗiyan mutane kaya waje ana walƙiya. Kafin mu tattara rabi ruwa ya sauko. Kayena, wato littattafan da nake rubuta darasi, na shekara uku, fotokofin da na riƙa hana cikina abinci ina yi, duk sun zama kamar tuwo, tawada ta narke ba ka gane ko layi ɗaya. Abokina ya rungume ordinater ɗinshi cikin riga yana kuka, babban mutum mai gemu, don memuwar ɗinshi, wato aikin binciken kammala karatu, gaba ɗaya na ciki. Da ba don wata tsohuwa maƙwabciyarmu ba da ta buɗe zaurenta ta ce ku shigo da su nan ɗiyana, ban san yadda za mu kwana ba. Inna Allah ya saka miki da aljanna, ke da ba ki amshi ko dala tamu ba.

Sai maganar kosiyon, nan ne raina ya ƙarasa ɓaci. Wakili ya zaro wata 'yar takarda daga aljihu, yanzu kuma ya san amfanin takarda, yana karanto mana laihinmu. Bango ya yi baƙi jikka goma. Bangon da kwanon rufi ke zuba a kanshi tun daminar bara, sau nawa muka kai kuka, mu muke tara bokiti da dare muna ja da katifa gefe. Ƙofa ta lalace jikka bakwai, ƙofar da muka tarar ana ɗaure ta da waya. Kwasar masai jikka biyar kowane ɗaki alhali mu muka yi karo-karo aka kwashe shi watan Maris. Sauran kuma wai fenti. Ya gama lissahi ya ce babu abin da ya rage, har wai mu gode Alhaji ya yafe mana ciko. Na ce Malam ka ji tsoron Allah, ya ce yaro kar ka yi mini rashin kunya. Neman hakkina ne rashin kunya?

Kuma kowa ya san dalili, ba fenti ba ne. Sakamakon bak, jarrabawar ƙare sakandare, ya hito, sabbin ɗalibai na nan tahe daga Mayahi da Agye da Gidan Runji da iyayensu riƙe da kuɗɗi a hannu, ɗakin da muke biya goma sha biyar an riga an gaya ma wani ashirin, da kunnena na ji. In ka tambaya a ce kayan gini sun yi tsada, alhali an rage kuɗɗin siminti tun 2024 kuma ko buhu guda ba a taɓa sa ma gidan nan ba tunda muka shiga. Ɗaki takwas, jikka talatin talatin, jikka ɗari biyu da arba'in ke nan aka haɗiye na yaran da wasunsu sau ɗaya suke cin abinci a yini.

Yanzu haka masallacin unguwa muke kwana mu huɗu, katifata na bisa katangar Inna har yau ba ta bushe ba, jarrabawata ranar Litinin da kayen aro nake karatu. Mun rubuta sunayenmu mu goma sha tara da abin da kowa ya bayar da ranar da ya bayar, gobe in Allah ya kai mu bayan sallar azahar za mu wajen mai unguwa gaba ɗaya, in bai yiwu nan ba mu wuce komisariya. Jikka talatin ɗinmu muke so, da kuɗɗin sauran kwanakin Yuli da muka biya ba mu zauna ba.