Kowa ya ga jinin Nina, babu wanda ya ce ta huta

Jiya da daddare na sake kallon Black Swan, fim ɗin da Darren Aronofsky ya fitar a 2010, har na kwanta ƙirjina bai daina nauyi ba. In faɗa tun da wuri, ba na yara ba ne, akwai wuraren da ni ma wuce su nake yi. Amma labarin ya tsaya mini a rai.

Nina 'yar rawar bale ce a birnin New York, irin rawar nan da ake tsayuwa a kan tsinin yatsun ƙafa. Ƙungiyarsu za ta yi Swan Lake, tsohon wasan da Tchaikovsky ya tsara wa kiɗa, aka fara nuna shi a Mosko a 1877. Mace ɗaya ce ke fitowa a matsayin tsuntsayen ruwa biyu, fara mai kunya da tsoro, da baƙa mai yaudara. Farar kam halin Nina ne sak. Baƙar ce ta gagare ta, shi kuwa shugabansu Thomas kullum zancensa ɗaya, ta saki jiki.

Masu sharhi da yawa cewa suke yi son kamala ne ya taɓa mata ƙwaƙwalwa. Ni ban yarda a tsaya nan ba. Wa ya dasa mata shi?

Ku dubi uwarta, Erica. Ita ma ta yi rawa, ba ta yi suna ba, ta bari saboda cikin Nina, kuma ba ta taɓa barin yarinyar ta manta da hakan ba. Ranar da Nina ta samu babban matsayin, uwar ta sayo ƙaton kek. Nina ta ce cikinta ba daɗi, a yanka mata kaɗan. Nan take fuskar uwar ta sauya, ta ɗauki kek ɗin gaba ɗaya ta nufi kwandon shara. Sai da Nina ta ba ta haƙuri, ta lashi wanda uwar ta lakato da yatsa, sannan aka zauna lafiya. Wallahi wannan wurin ya fi duk abubuwan firgicin fim ɗin tayar mini da hankali. Budurwa ce baliga, amma ɗakinta cike da 'yan tsana, uwar ce ke yanke mata farce don kada ta sosa bayanta. Ta ga ƙujewar da idonta, maganin da ta kawo shi ne almakashi.

Thomas ma ya gani, sai dai rauninta kayan aiki ne a wurinsa. Da Beth, tauraruwarsa ta da, ta fara manyanta, yar da ita ya yi kamar tsumma, Nina tana kallo. Ta san abin da ke jiranta ranar da ƙafarta ta gaza.

Na san wannan tsoron. Ina 'yar firamare na taɓa zuwa ta biyu a aji, na shigo gida da gudu ina ɗaga takardar sakamako. Tambayar farko da aka yi mini ita ce, "Wa ya zo na ɗaya?" Ba da mugunta aka faɗa ba, na sani, amma shekaru na yi ina yaga shafi sukutum saboda harafi ɗaya ya karkace.

Wani abin da ya ƙara damuna yana wajen fim ɗin ne. Natalie Portman, wadda ta fito a matsayin Nina, ta yi kusan shekara tana atisaye, ta zubar da nauyin kilo kusan 9, aka ba ta lambar yabo ta Oscar a 2011. Ta cancanta, ba na musu. Fim ɗin da aka kashe wa kimanin dala miliyan 13 ya kawo sama da miliyan 300. Amma ramar nan tata har da ita ake ta yabo a hirarraki, a kan fim ɗin da yake nuna mana inda irin wannan yabon yake kai mutum.

Shi ya sa ba na iya taya masu cewa Nina ta yi nasara a ƙarshe murna. Ta gama rawar da raunin tsinin madubi a cikinta, ta faɗo kan katifa, jini yana yaɗuwa a farar rigarta, jama'a na tafi suna kiran sunanta. Uwarta na cikinsu da hawaye a fuska. Sai a lokacin Thomas ya ce a nemo taimako, ita kuwa abin da ta iya faɗa kawai shi ne ta yi shi babu kuskure.