A buɗe burtali kafin a zargi saniya

Da zarar ruwa ya ɗauke, hafir, wato tafkin da aka haƙa don tara ruwan sama, ya fara ja baya, maganar ɗaya ce daga Gadarif har Damazin a ƙasar Sudan: dabbobi sun ɓata ruwa, dabbobi sun cinye ƙasa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai wanda ya san kiwo ya san abin da ke yi wa ƙasa illa shi ne daɗewar garke a wuri ɗaya. Shanu ɗari biyu da suka ratsa fili cikin kwana uku taki suka bar masa; hamsin da suka yi wata huɗu a kansa ƙura za su bari.

To me ya tsayar da su? Noman tarakta da aka fara a yankin Gadarif a shekarun 1940 ya yi ta faɗi har ya haɗiye burtali da yawa, abin da Larabawan nan ke kira masar. Dokar filaye ta 1970 ta mai da duk filin da ba shi da rajista mallakar gwamnati, dajin kiwo ya zama abin rabawa ga masu manyan gonaki. Rabuwar Sudan ta Kudu a 2011 kuma ta tsuke hanyar da Fulani da Larabawan Rufa'a ke bi su yi rani a can. Garken da aka toshe wa gaba da baya, bakin ruwa zai tare.

A hafir ake fara ganin ɓarnar. Saniya a lokacin zafi tana shan lita talatin ko fiye a rana, wato shanu ɗari sukan tashi da duro goma sha biyar. Shan ba shi ne matsala ba, shigar ce. Baƙar lakar yankinmu idan ta jiƙe ba ta ɗaukar kofato: gaɓa ta rufta, laka ta gangara ciki, zurfi ya ragu, ruwan ya baje, rana ta shanye shi da wuri. Kashin da ya faɗa ciki yana ɗauke da ƙwan tsutsar hanta. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta shiga ƙananan katantanwa, ta fito ta maƙale a ciyawar baki, wata saniyar ta ci. Mahauci ne ke fara sani, in ya tsaga hanta ya tarar da ita duk rami.

Maganin ba ɓoyayye ba ne. A kewaye hafir gaba ɗaya, da waya ko shingen ƙaya. A haƙa ƙaramin rami a inda ruwa ke shigowa don laka ta kwanta a can, a riƙa yashe shi kowane rani. A fitar da ruwa ta bututu zuwa kwami na siminti, nesa da gaɓa da kamar taku hamsin, ta gangare, a shimfiɗa tsakuwa kewaye da shi. Famfon mutane daban, kwamin dabbobi daban. Abin da ke kashe wannan tsari kusan kullum ɗaya ne: famfo ya lalace, ba kuɗin gyara a hannun kwamiti, makiyayi ba zai zuba ido dabbarsa ta mutu da ƙishi ba, sai ya yanke waya. Don haka kuɗin shan da ake karɓa a ware wani kaso na gyara tun ranar farko, kuma makiyayan da ke zuwa su wuce su sami wakili a kwamitin.

Bakin kogi ma haka. A Maiurno da ƙauyukan Hausawa na gaɓar Bahar Azrak, wato kogin Blue Nile, manomi na jiran ruwa ya janye ya shuka kayan lambu a sabuwar laka. In garke yana sauka duk inda ya ga dama, gaɓar za ta zube. A tsai da mashaya guda, inda ƙasa ke da tsakuwa ko rairayi, a bar mata hanya, a bar bagaruwar bakin ruwa a tsaye domin saiwarta ce ke riƙe gaɓar. Feshin maganin kaska da wanke jarkarsa kuwa, a yi su can tudu. Tur'ar da aka wanke a ciki, wato magudanar ban-ruwa, ita 'yan kambo, mazauna sansanin leburorin gona, ke ɗiba su sha.

Manomin da ke korar garke bayan girbi, kansa yake cuta. Kusan rabin kashin saniya da dare take zubarwa, ga fitsari wanda ya fi saurin kama ƙasa. Shanu hamsin a zariba, wato shingen kwanan dabbobi, mai mita goma sha biyar kowane gefe, ana gusar da ita bayan kwana uku, za su zuba wa fadan guda, wato kamar eka ɗaya, taki cikin kamar wata biyu. In aka bar zaribar wuri ɗaya, dawar nan za ta yi ganye ta kwanta, sauran gonar ta tashi a banza. Kada kuma a bari a cinye kara ƙaf. A bar kututture da ɗan abin da zai rufe ƙasa daga iskar rani da ruwan farko.

Akwai inda laifin na dabba ne tsantsa. Itacen miskit, wani itace mai ƙaya da aka shigo da shi Sudan a 1917, gwamnati ta ayyana shi annoba a 1995, a cikin awaki yake tafiya. Akuya ta ci 'ya'yansa, irin ya fito a kashinta a shirye da tsiro, ya cika bakin tur'a da filin kiwo da ƙaya. Garken da ya fito daga dajin miskit a tsare shi mako guda a zariba kafin a kai shi sabon wuri, abin da ya tsiro a wurin a tuge shi yana ƙarami.

Duk waɗannan aikin gari ne. Abin da ya fi ƙarfin gari shi ne burtali: a auna shi, a kafa masa turakun siminti, a sa masa wurin ruwa da masauki a tazarar tafiyar yini, wanda ya nome shi kuma a tashe shi ko da mai tarakta goma ne.