Kukan Tumakin Nan Fa?

'Yan'uwana matasa a cikin Almasihu, salama a gare ku.

Da yawanmu mun taso da tunanin cewa in mutum ya saɓa wa Allah, sai a zuba ido a ga tsawa ta faɗo masa: ya faɗi jarrabawa, ko babur ya kwashe shi, ko ciwo ya kwantar da shi. Shi ya sa in muka aikata abin da muka san ba daidai ba ne, mako ya wuce lafiya, wata ya wuce lafiya, sai mu sauke ajiyar zuciya mu ce ashe ba komai. To, wannan "ba komai" ɗin shi nake so ku ji tsoro.

Ku buɗe 1 Sama'ila sura 15. Allah ya aiki Saul, sarkin Isra'ila, ya hallaka Amalekawa, kada ya bar ko akuya. Ya fita da mayaƙa 210,000, ya kuwa ci yaƙi. Sai dai ya bar Agag sarkinsu da rai, ya ware tumaki da shanu masu ƙiba, ya karkashe ramammu. A hanyar dawowa har ya tsaya a Karmel ya kafa wa kansa abin tunawa. Da annabi Sama'ila ya iso, Saul ne ma ya fara sa masa albarka, yana cewa ya cika umarnin Ubangiji. Tsohon bai yi musu da shi ba, tambaya ɗaya ya yi masa: to, wannan kukan tumaki da na shanu da nake ji fa?

Nan baki ya fara kame-kame. Jama'a ne suka kawo. Ai don hadaya ne a Gilgal. Da Sama'ila ya ce masa biyayya ta fi hadaya, ya ga ba mafita, sai ya ce ya yi zunubi, amma ku duba aya 30 ku ga abin da ya roƙa: a girmama shi a gaban dattawan jama'arsa. Mutuncinsa a idon mutane ya fi damunsa.

Washegari Saul bai tashi da kuturta ba. Yana nan a gadon sarauta, fadawa na faɗuwa suna gaisuwa, an shafe shekaru a haka. Amma sura 16 aya 14 ta ce Ruhun Ubangiji ya rabu da shi. Daga nan sai kishi, sai jifan Dawuda da mashi, har ɗansa Jonatan bai tsira ba, sai kisan firistoci 85 na Nob. A sura 28, da Filistiyawa suka taso masa, ya nemi Ubangiji, shiru. Ba ta mafarki, ba ta Urim (abin da firist ke neman nufin Allah da shi), ba ta annabawa. Mutumin da ya kori masu duba daga ƙasar da kansa, shi ne ya ɓad da kama ya lallaɓa Endor da dare wurin wata mai kiran kurwa. Kamar azara ce da gara ta shiga: daga waje ɗaki na nan tsaye, sai ranar da aka yi ruwa da iska. Samson ma haka. Littafin Mahukunta 16:20 ya ce ya farka yana cewa zai girgije kamar yadda ya saba, bai san Ubangiji ya rabu da shi ba. Bai sani ba! Ban san wata magana mai ban tsoro kamar wannan ba.

Ba a littafi kaɗai na karanta ba. Akwai shekarar da aka naɗa ni ma'ajin zumuntar matasa a majami'armu. Muna tara kuɗin sayen lasifika, ina ajiye su a wani gwangwanin madara a ƙasan akwatina. Wayata ta lalace, na zari naira dubu goma sha biyar, na ce wa kaina rance ne, ƙarshen wata zan mayar. A daren farko ban yi barci ba. Karo na biyu da na zara, barci na yi har da minshari, kuma a lokacin na ɗauka wannan alamar lafiya ce.

Ban fasa komai ba. Ni ne mai ba da waƙa ranar Lahadi, ni ne mai buɗe taro da addu'a, har ana cewa yaron nan yana da baiwa. Amma in na durƙusa ni kaɗai a ɗaki, bakina ya yi nauyi, sai in yi "Ubanmu wanda ke cikin sama" da sauri in tashi. Littafi Mai Tsarki ya koma abin riƙewa a hammata. In fasto ya taɓo maganar amana a wa'azi, sai in ji haushinsa, in ce yana cika tsawaitawa. Na fara ganin laifin kowa: wance tana da girman kai, wane munafuki ne. Ranar Jibin Ubangiji kuwa na miƙa hannu na karɓi gurasa, hannuna bai ko girgiza ba, alhali na san gargaɗin da ke 1 Korintiyawa 11, cewa kowa ya fara gwada kansa. Abin da Ibraniyawa 3:13 ke kira taurarewa ta wurin ruɗin zunubi ke nan, ni kuwa ina kiransa wayewa.

Na san naka ba lalle ne kuɗin zumunta ba. Wataƙila yarinyar da kuke "addu'a tare" a ɗakinka bayan magariba ce. Wataƙila satar amsa ce a WAEC, wadda ka zo ka ba da shaida a kanta a gaban ikkilisiya. 'Yar'uwa, wataƙila mijin wata ne da kike kira kawu. Ba ni zan faɗa maka ba, kai ka san inda ka ɗaure tumakinka. Kuma ƙara baiko ko yin azumin kwana uku ba ya rufe musu baki. Ishaya 59 ya ce hannun Ubangiji bai gajarta ba, kunnensa bai toshe ba, laifofinmu ne suka shiga tsakani.

Zunubin Dawuda, da ya kwana da Batsheba ya kuma sa aka kashe mijinta Uriya, bai fi na Saul sauƙi ba. Amma da annabi Natan ya nuna shi, bai kawo jama'a ba, bai kawo hujja ba. A Zabura 51 bai roƙi a bar masa sarauta ba, roƙonsa kada a ɗauke masa Ruhu Mai Tsarki. Ya ga abin da ya sami wanda ya riga shi.

Nawa Natan ɗin wani dattijon ikkilisiya ne, tela. Bayan sujada ya kira ni gindin darbejiya ya ce, "Ɗana, muryarka na nan, amma kai ban gan ka ba kwana biyu. Lafiya?" Ko maganar kuɗi bai yi ba, ban ma tsammanin ya sani. Na ce, "Baba, lafiya lau." Na yi taku kamar goma, na dawo na faɗa masa komai.

Dattawa suka sa ni ƙarƙashin horo. Wata huɗu ina zaune a bencin baya, wani na ba da waƙa a madadina, ina biyan kuɗin kaɗan-kaɗan daga aikin leburanci. A cikin waɗannan watannin ne na sake iya durƙusawa a ɗakina in daɗe ban duba agogo ba.