Limamin unguwa ma yana da cefane

Yau kan limaman unguwanninmu zan yi magana, mu Hausawan Gadarif a Sudan, kuma na san a Kasala da Madani da Mai Wurno ma haka abin yake. Wanda zai ji haushi ya ji.

Salloli biyar suna wuyansa. Raɗin suna da sassafe shi ne, ɗaurin aure bayan la'asar shi ne, miji da mata in sun saɓa wurinsa za a je, haka 'yan'uwa in sun rikice kan gado. Waɗannan duk ana sa musu rana. Mutuwa kuwa ba ta sallama. Tsakar dare za a buga masa ƙofa: "Allah gafarta Malam, wane ya cika." Ba ya tambayar ko mamacin yana zuwa jam'i. Takalminsa kawai zai laluba.

Wanda bai taɓa shiga ɗakin wankan gawa ba, bai san aikin ba. Malam zai ce a kawo ruwa da ganyen magarya da kafur, ya sallami kowa sai mutum biyu. Ya rufe al'aura, ya matsa cikin a hankali, ya yi wa mamaci alwala, ya fara da dama, wanka uku ko biyar. Shi zai auna likkafani ya yaga. A ɗora a angarib, gadon igiyar nan da muke kwana a kai, a fito. Kabbara huɗu a tsaye, babu ruku'u babu sujada, sai makabarta. In da damina ne, kun san baƙar laka ta Gadarif, takan ƙwace wa mutum takalmi. A cikinta dattijon nan zai tsaya har a kwantar da mamaci ta gefen dama yana fuskantar alƙibla, a mayar da ƙasa, ya yi addu'a. In kuma lokacin yankan riɗi ne, nasa riɗin yana can gona yana fashewa yana zuba.

Daga nan a kafa siwan, wato rumfar zaman makoki, a jera kujeru, kwana uku ana ɗaga hannu ana Fatiha, shayi da jabana, wato gahawa, suna yawo, farantan abinci suna fitowa. Ga mai riƙe da kashif, takardar sunaye, yana rubuta gudummawar kowa. Mai siwan za a biya shi. Mai kujeru za a biya shi, har mai ƙanƙara. Liman fa? "Allah Ya saka da alheri, Malam." In an yi ƙoƙari a dunƙula masa abin da bai kai kuɗin kilon sukari ba, a saka masa a aljihu a ɓoye kamar ana jin kunya.

Na san abin da za a ce: aikin Allah ne, ladansa yana wurin Allah. Haka ne. To amma Sayyidina Abubakar da aka naɗa shi halifa, kasuwa ya nufa da tufafin da yake sayarwa, sahabbai suka tsayar da shi suka yanka masa abin da zai ci da iyalinsa daga baitulmali. Mu mun fi su sanin ikhlasi ne?

Abin da ya fi damuna ma ba kuɗin ba ne. Sutura farillar kifaya ce a kan jama'a duka, mu kuma mun tattara ta mun jibga wa tsoho ɗaya, da wata tsohuwa ɗaya mai wanke gawar mata, wadda ita ko godiyar ba ta samu a bainar jama'a. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tona mana asiri. A Khartum an binne mutane a tsakar gida, a filin makaranta, a bakin titi, saboda hanyar makabarta ta toshe. Da Madani ta faɗi a Disamba 2023 jama'a suka kwararo mana nan, sai ga kwalara a 2024. Cikin waɗanda suka sauka unguwarmu, akwai matasan da suka ce ranar da limaminsu ya yi gudun hijira, sun tsaya a kan gawa suna kallon juna, ba wanda ya san ta inda ake farawa. Samari ne masu digiri.

Shawarata ga kwamitin kowane masallaci: a yanka wa liman da ladan abin wata, kowane gida ya san nasa kaso, a tura ta Bankak, manhajar bankin nan ta waya, in ma kunyar miƙawa ake ji. A rage kwana ɗaya na siwan, kuɗin ya isa a fara. Sannan a ware yammacin Juma'a ɗaya a wata, Malam ya zaunar da samari ya koya musu wanka da yanka likkafani da sallar gawa, Inna mai wanka ita ma ta zaunar da mata. Ni dai na kai sunana wurin na'ibi, kuma na ce a rubuta na ƙanena ko bai yarda ba.