Wai sau nawa mutum zai rubuta adireshin furoksi ɗaya?

Wallahi yau an ƙure ni. A ofis ɗinmu ba ka fita intanet sai ta furoksi, wato sabar da kowa ke bi ta cikinta kafin ya kai intanet, mai kula da netwok ya rubuto min adireshi a 'yar takarda da 3128 a ƙarshe, ya ce "kawai ka sa a setin", ya kama gabansa. Na sa a setin GNOME, wato fuskar kwamfutata mai Linux, Firefox ya buɗe garau, na ce to shi ke nan.

Ashe da sauran rina a kaba. Na buga sudo apt update, umarnin sabunta jerin manhajoji, shiru kake ji. Na buɗe .bashrc, fayil ɗin setin tamina (tagar buga umarni), na zuba export http_proxy da https_proxy, wget mai sauko da fayiloli ya tashi, apt kuwa ko gezau, wai sudo share abin da ka saita yake yi kafin ya fara aiki, sai dai ka ƙara masa -E ko ka je /etc/apt/apt.conf.d ka sake rubuta adireshin nan dai da wani salo daban. Abin da ya fi ƙona min rai, manhaja ɗaya fa, in na kira ta daga tamina ta haɗu, in na danna hotonta a menu ta ce babu intanet, don ita ba ruwanta da .bashrc, abin da ta gada tun lokacin da na shiga kwamfutar shi take riƙe da shi. Haba jama'a!

Na koma /etc/environment, fayil ɗin setin kwamfutar gaba ɗaya, can kuma duk gyaran da ka yi sai ka fita ka sake shigowa kafin ya kama. Sau huɗu na fita, har oga ya leƙo yana tambaya ko lafiya. Na rubuta HTTP_PROXY da manyan baƙaƙe, curl, ɗan'uwan wget, ya yi kunnen uwar shegu da shi, ƙanana kaɗai yake ji. Ga @ a cikin kalmar sirrina, sai da na mai da shi %40. Na manta no_proxy, jerin adireshin da ba sai sun bi ta furoksi ba, shafin firintar da ke gefena ma ya ƙi buɗewa, wai sai ya zaga ta furoksi.

Da daddare na dawo gida na kunna hosfot ɗin wayata, datar da na saya da kuɗina, komai ya tsaya cak yana neman sabar ofis. Yanzu haka zaune nake ina bin fayiloli uku ina sa # a gaban layuka don in kashe su, gobe ƙarfe takwas kuma in cire.