A bar maki ya yi hukunci, amma a duba makarantar da yaro ya fito

'Yar maƙwabcina a Anguwar Rogo, nan Jos, saura mako biyu ta zauna jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ta fara taɓa linzamin kwamfuta, a wani shagon buga takardu da ake biyan kuɗin awa. A fitilar waya ta yi bitarta, kuma rabin shekarar ƙarshe makarantarsu ba malamin Fiziks. Ta ci 231 cikin 400. Wanda zai gaya mini 260 na ɗan makarantar kuɗi a Maitama ya fi nata nauyi, to bai san abin da ya ci mata ba.

Duk da haka ba na tare da masu cewa a ajiye maki, a koma duba "hali" da hira da takardar yabo irin waɗanda manyan jami'o'in Amurka suke dubawa. A ƙasar nan duk ƙofar da aka bar wa son rai, mai ƙafa ne yake fara shiga. Maki kaɗai ne hujjar da ɗan talaka yake iya ɗagawa ya ce an zalunce shi. Ba cewa nake alƙaluman ba sa kuskure ba: a 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito da hawaye ya amsa cewa tangarɗar na'ura ta shafi ɗalibai kusan 380,000, aka sake musu jarrabawa. Amma an gano wannan kuskuren ne domin akwai abin ƙirgawa. Alfarma fa, wa yake ƙirga ta?

Inda gizo yake saƙar shi ne rabon guraben jami'o'in tarayya: kashi 45 cancanta, 35 yankin da jami'a take, 20 jihohin da aka bari a baya a ilimi. Niyyar mai kyau ce, sai dai da jihar asali ake aunawa. Sai ɗan babban sakatare, wanda bai taɓa kwana a ƙauyen kakansa ba, ya kawo takardar asali ya ɗauke gurbin ɗan ƙauyen. Mu kuwa a Jos mun san yaran da aka haifi iyayensu a garin nan, amma samun wannan takarda ya zame musu aiki.

A ɗora kashi 20 ɗin nan a kan makarantar da yaro ya gama, tunda sunanta yana kan sakamakon jarrabawar gama sakandare ta WAEC da NECO. 'Yan makarantun gwamnati marasa ɗakin gwaji su yi takara a junansu, mafi maki ya shiga, a kuma liƙa sunaye da makin kowa a allo.